Alhaji Manzo da Wando Mai Fitila

Yau shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Alhaji Manzo makwancinsa a Maraɗi, kuma wallahi har yanzu ban gama jin haushinsa ba. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Kada mai karatu ya ce wannan tsoho bai san girman mamaci ba. Manzo taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna, kuma ban ji malamin da ya ce mutuwa tana soke taubasantaka ba. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan yi masa sadaka, in yi masa addu'a, sannan in zauna in yi ta yi masa faɗa a zuciyata. Bana dai na ce bari in yi faɗan a jarida, ko zan samu wanda zai raba mu.

A farkon shekarun tamanin muna Faransa mu biyu. Ni ina Paris, ina da ɗan butiki, wato kanti, a unguwar Goutte d'Or, kuma ni ke kula da ɗaure kaya da tura su gida. Shi yana Bron, gefen Lyon, a wani ɗaki hawa na huɗu wanda in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa bango. Abin da ya zaunar da shi can masana'antar tufafi ce guda ɗaya, babba, mai ɗaruruwan teloli, wadda bas ke kai mutum ƙofarta daga unguwarsu. Sunan kamfanin na Faransanci ne mai tsawo, ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa da shi a gida. Mutanenmu hoton da ke jikin kaya suke kallo su raɗa musu suna. A bayan kowane wando akwai ɗan ƙyalle da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, an saƙa hoton fitila a kai da zare ruwan ɗorawa. Shi ke nan, daga Maraɗi har Damagaram har Tawa, sunansa wando mai fitila.

Manzo ya haddace tarihin wannan gida fiye da yadda ya haddace na kakanninmu. Ka ba shi shayi kofi ɗaya, ka shiga uku. Zai fara maka daga kakan, wani tela mai keken ɗinki uku da yake ɗinka wa masu haƙar gawayin ƙasa kayan aiki, shi ya sa ma fitila, irin wadda suke shiga rami da ita. Sai ya gangaro kan ɗan, wanda ya gina masana'antar, ya samu aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ƙaro tambari biyu: mai allura na rigunan zuwa biro, wato ofis, da mai zomo na kayan yara 'yan lekol, wato makarantar boko. Sai ya zo kan jikan, tsohon da ke riƙe da gidan a zamaninmu, wanda muke kira Mai Gashin Baki. Yana faɗi yana cewa “gidanmu”. Na sha ce masa, kai Manzo, da wace uwa kuka haɗa? Bai taɓa jin kunya ba, sai ya ce ai zama tare ma zumunta ce.

Yadda yake sayen kaya kuwa, sai mai haƙuri. Ba ya karɓar dila sai ya zare wando ɗaya daga tsakiya, ba daga sama ba. Ya taka ƙafa ɗaya ta wandon, ya kama ɗayar da hannu biyu, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. In ɗinkin tsakiya bai yi ƙara ba, sai ya tafi da shi gida, ya jiƙa a bahon wanka da sabulu, ya dirza, ya shanya bisa ƙarfen ɗumama ɗaki, ya sake jiƙawa, har sau uku. Ni ina Paris ina ta buga waya, jirgin ruwa zai tashi, shi yana can yana wankin wando. A kan wannan gwaji ya kafa maganarsa. Duk zuwan da zai yi gida sai ya tsaya a rumfar dillalanmu ya ce, mai fitila in ya yage kafin damina uku, kada a nemi Bature, a zo a same shi. Manoma da direbobi da makanikai suka riƙe wannan magana. Mutum zai sayar da buhun gyaɗarsa ya sayi wando ɗaya, don Alhaji Manzo ya ce. Ba mu da gidan bene a lokacin, ba mu da mota, wannan maganar ita ce duk jarinmu.

Kuskurensa, in kuskure ne, shi ne ya ɗauka kamfani mutum ne. Duk dawowarsa daga gida sai ya kai wa Mai Gashin Baki kilishi da dabino. Ya tsaya a bironsa ya gaishe shi, ya tambayi uwargida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ciwon gwiwa, ya tambayi sanyi, tsohon nan yana ta amsawa da kai. Abin mamaki, shi ma tsohon ya saba, har in Manzo ya manta bai tambayi gwiwar ba sai ya nuna ta da yatsa. Takarda ɗaya ta yarjejeniya ba su taɓa sa wa hannu ba. Na yi magana har bakina ya gaji. Manzo ya ce mini mutumin da ya ci kilishinka shekara biyar, wace takarda kuma za ka nema a wurinsa?

Sai ga shi a tsakiyar shekarun nan Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Manzo ya sa babbar rigarsa ya je ta'aziyya, ya yini a gidan, ya sake komawa ranar uku, mutanen gidan suna ta kallon juna don su ba su san da wata ranar uku ba. Shekara ba ta zagayo ba 'ya'yan suka sayar da komai, masana'anta da tambura uku duka, ga wani babban kamfani na Paris wanda ya riga ya haɗiye gidajen tufafi da yawa irin wannan. Da labari ya iso, ni hankalina ya tashi. Shi kuwa sai ya bugo mini waya, murya a kwance, wai in nemo mana lokaci mu je mu gaishe da sabon maigida.

Ba zan manta ranar ba. Ya hawo sabon jirgin ƙasan nan mai gudu daga Lyon, da ƙunshin kilishi a hammata. Muka je wani dogon gini na gilashi, aka hau da mu sama, aka zaunar da mu gaban wani direkta wanda bai fi shekara talatin da biyar ba. Manzo ya fara gaisuwa. Bai kai ga tambayar yara ba mutumin ya dubi agogo. Manzo ya ce shi ya zo ne ya ga wanda ya gaji gidan. Direkta ya ce ba wanda ya gada, gidan na masu hannun jari ne. Manzo ya ce to madalla, wane ne babbansu, a kai shi wurinsa. Mutumin ya yi dariya ya ce suna da yawa, wasu ma bankuna ne, kuma wanda ke da hannu yau gobe yana iya sayarwa. Manzo ya juyo gare ni ya ce da Hausa, “Idi, mi yake faɗi? In wando ya yage, wa za ya ji kunya?” Na ce masa ba kowa. Ya ce in sake tambaya, wataƙila ban fahimci Faransancin ba.

A wannan zama ne direktan ya warware mana sabon tsari, yana murna kamar mai ba da albishir. Tambarin fitila ya yi suna a Afirka, saboda haka za a ci gaba da shi, amma a wata ƙasa mai arhar teloli za a riƙa ɗinka shi, da yadi mara nauyi. Telolin Lyon kuma, da yadinsu na da, za su koma yin wando ƙarƙashin wani sabon suna mai kama da na Amurka, don samarin Turai, haruffa zalla ba hoto. Ya ce mu ma za mu ji daɗi, don sabon mai fitila ya fi arha. Da muka tashi, Manzo ya ajiye masa kilishin duk da haka. A cikin lif na ce masa wallahi ka yi asarar nama.

Kayan da muka riga muka yi oda don kasuwar kaka suka iso sitonmu na Saint-Denis, gefen Paris, kamfanin ya haɗo mana rabi sabon mai fitila, rabi mai sabon suna. Manzo ya zare ɗaya daga tsakiyar dilar mai fitila, ya taka, ya ja. Ja ɗaya, ɗinkin ya buɗe tun daga gaba har baya. Ya zari na biyu, haka. Ya wanke na uku, ruwan baho ya koma kamar na marina. Mai sabon sunan kuwa ya ja har ya yi zufa, ko gezau. To ga mu da tsibi biyu. Ɗaya ruɓaɓɓe ne, amma ana ganinsa za a wawashe a kasuwa. Ɗaya na ƙwarai ne, amma ba manomin da zai kalle shi, don ba fitila.

Ni na kawo dabara, kuma har gobe ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce mu ɓamɓare fitilun daga marasa kyau, mu ɗinka su a kan masu kyau. Wa muka cuta? Manomi ya samu wandon da ya sani, daga hannun telolin da suka saba yi masa, da hoton da ya sani. Marasa kyan kuma a sayar da su ba suna, a farashin gwanjo. Ko alƙali ka kai wa wannan magana sai ya jinjina kai. Manzo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce rabin maganata ya karɓa. Zai cire fitilun, don ba zai bari talaka ya ga hoton nan ya tuna alkawarinsa ya sayi tsumma ba. Amma ba zai ɗinka su a kan wani wando ba. Ya ce, “Tambari shaidar mai gida ce. Ni ba mai gida ba ne. In na sa yau a kan na ƙwarai, gobe wa za ya hana ni sawa a kan na banza?” Na ce ni zan hana ka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ai ni ne ma abin tsoron.

Haba jama'a! Mako uku mutumin nan ya yi a siton Saint-Denis da reza a hannu, yana warware ɗinki zare bayan zare don kada ya huda yadin. Bai yarda a ɗauko masu taya shi ba, wai za su saci tambarin. Ni da na rantse ba zan taɓa ba, a rana ta huɗu na samu kaina zaune kan dila da tawa rezar, ina yi ina zaginsa. Jirgin da muka yi niyya ya tashi ya bar mu. Kafin kayanmu su isa Maraɗi kaka ta wuce, manoma sun sayar da amfaninsu sun kashe abin da za su kashe. Kuma bai tsaya nan ba. Ya bi kayan har gida, ya shiga rumfa rumfa yana gaya wa dillalai cewa ya janye maganarsa a kan mai fitila, duk wanda ya saya daga yau kada ya ambaci sunansa. Da bakinsa ya kashe kasuwar da muka yi shekaru muna ginawa. Wasu 'yan kasuwa da ba su da irin wannan ciwon kai suka shiga gurbinmu, suka yi ta jigilar sabon mai fitila shekara uku kafin mutane su gane. Gidajen benen da suka gina suna nan, ina wucewa ta gabansu duk zuwana gida.

Su kuma ƙyallayen tambarin, na ce a ƙone su a huta. Ya ƙi. Ya jera su ɗari ɗari, ya ɗaure da zare, ya cika wani babban gwangwanin biskit. Wai ba namu ba ne, sunan mutane ne, sai a mayar wa masu shi. Ya ɗauki gwangwanin ya koma ginin gilashi. Direktan da muka gani an riga an canza shi, wanda ya tarar bai ma san zancen ba, ya ce ya jefa a shara. Manzo ya nemi 'ya'yan Mai Gashin Baki, aka ce sun bar Lyon. Sai ya dawo da abinsa ya ce to ya zama ajiya, wata rana wani daga cikin jinin tsohon zai karɓi gidansu, a ba shi. Kafin shekarun tamanin su ƙare aka rufe masana'antar Lyon ɗin gaba ɗaya. Manzo ya je ya yi sallama da telolin ɗaya bayan ɗaya, ya tattara ya koma Maraɗi, ya buɗe rumfar yadi wadda ba ta taɓa wuce rumfa ba har ya bar duniya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kamfanin nan ya canza hannu sau nawa, ni kaina na daina bi. Mai allura ya ɓace, mai zomo an sayar wa wasu can daban. Mai fitila kuwa ya dawo, amma ba don manoma ba. Kwanan baya na gan shi a tagar wani butiki na masu hannu da shuni a tsakiyar Paris, an rataya masa kwali mai ɗauke da labarin kakan nan mai keke uku da masu haƙar gawayi, labarin da Manzo ke ba mu kyauta har mu gudu. Na shiga na taɓa yadin. Da Manzo ne, ko takawa ba zai yi ba. Mafi ban haushi, an yayyaga gwiwar tun daga masana'anta, wai ado ne. Mutumin da ya yi alkawarin damina uku, a ce masa yanzu yagaggen ya fi tsada! Ina jin da sai ya nemi kujera ya zauna. Jikokina kuma ta waya suke sayen tufafi, ba su taɓa ba, ba su ja ba, hoto kawai suka gani. A nan dai ba zan yi musu dariya ba, don kakanninsu ma hoto suka bi.

To me ya rage na Manzo? In don dukiya ce, ba komai. 'Ya'yansa sun yi karatu da ƙyar, kuma na san da ya bi shawarata da ba su sha wannan wuya ba. Wannan ban yafe masa ba, kuma na gaya masa tun yana da rai. Amma shekara biyu da suka wuce na kai mota gareji a Maraɗi, na ji wani tsohon makanike yana yaba wata taya, ya ce wa mai motar, sa wagga, ta Manzo ce. Na tambaye shi wane Manzo. Ya ce shi bai sani ba, haka dai ake cewa in abu ba ya da algus. Na koma cikin mota na zauna.

Gwangwanin yana wurina. Bayan an yi arba'in, matarsa Hajiya Rabi ta miƙo mini shi ta ce Alhaji ya ce a ba Idi, shi ya san masu shi. Ni na san masu shi? Na dawo da shi Paris na tura ƙarƙashin gado, shekara ashirin da biyar. A watan jiya wani ɗan kasuwa daga cikin mutanenmu na nan, mai sayar da tsofaffin tufafi ga masu son kayan da, ya ji labari ya zo har gida. Ya gaishe ni da ladabi, ya buɗe gwangwanin ya duba. Ya ce Baba, waɗannan na asali ne, na shekarun tamanin. Yana da wanduna masu kyau, yadi mai nauyi, tambari kawai suka rasa. Ya ce wa za a cuta? Wallahi kalma ɗaya bai canza ba daga abin da na faɗa a siton Saint-Denis. Abin da ya ce zai ba ni kuwa zai kai ni Umara da ni da iyalina.

Na buɗe baki in ce ɗauka, sai na ji kaina ina cewa, ba nawa ba ne, ajiya ce. Ya ce ta wa? Na ce ta wasu mutane ce a Lyon. Ya ce suna ina? Na ce ban sani ba. Ya dube ni irin kallon da na yi wa Manzo shekara arba'in da suka wuce, ya yi sallama ya tafi. Na san abin da ya faɗa a matakala, don ni na riga shi faɗa.

Manzo, ka ga abin da ka jawo mini. Ka hana ni arziki kana raye, ka sake hana ni kana kabari. Jiya na kira babbar ɗiyata na nuna mata gwangwanin, na ce in ta Allah ta kasance a kaina ta riƙe shi, kada ta sayar, kada ta ƙone, masu shi za su zo. Ta ce Baba su wane ne masu shi? Na ce ke dai ki ajiye. Allah ya gafarta maka, taubashi, ya haɗa mu a inda zan ƙarasa maka faɗan nan baki da baki.